Yadda karatun yara masu naƙasa zai ɗore a makaranta bayan furoje ya tafi

"Malam, barka da aiki. Ni darakta ce a wata makarantar firamare a cikin garin Damagaram. Wata ƙungiya ta yi shekara 3 tana aiki da mu kan karɓar yara masu naƙasa. Ta horar da malamai 4, ta gina gangaren siminti a bakin aji biyu, ta kawo kayan rubutun makafi, muka rubuta yara 11. Yau shekara 2 da ƙarewar aikin. An canja wa uku daga cikin malaman wurin aiki, takardar rubutun makafi ta ƙare, kayan suna kulle a kabad, kuma yara 5 ne suka rage. Shin sakacinmu ne? Me za mu yi don kada abin ya mutu gaba ɗaya?"

Malama, barkanki da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Tambayarki ta ƙunshi abu biyu: kina son sanin dalilin da ya sa aikin da ya tashi da ƙarfi ya yi sanyi da zarar masu kuɗi sun naɗe tabarmarsu, kuma kina son sanin abin da darakta za ta iya yi da hannunta don raya shi. Na yi shekaru ina riƙe da aji, sannan na yi wasu ina zagaya makarantu ina ba malamai shawara kan koyarwa, a cikin gari da kuma karkarar Mirya da Magarya, kuma abin da kika bayyana na gan shi a wurare da yawa, kusan da kama ɗaya. Saboda haka ba zan kira shi sakacinki ba. Aikin ne aka ɗora tun farko a kan mutane huɗu da kuɗin baƙo, alhali mutum yana tashi, kuɗin baƙo kuma yana da ranar ƙarewa.

Kafin in shiga dalilai, ya kamata ki riƙe wani abu da zai sauya yadda kike magana da sufeto da iyaye da ofishin magajin gari. Zaman yaro mai naƙasa a aji ɗaya da sauran yara haƙƙinsa ne da doka ta tanada, tun kafin ƙungiyar ta zo. A watan Yuni na 1994 gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifen a ƙarƙashin UNESCO, suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, ta gyara kanta don ta dace da shi. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 24 ya keɓanta ga ilimi, Nijar kuma ta tabbatar da ita a 2008. A cikin gida an yi dokar 1993 kan kare masu naƙasa, da dokar tsarin ilimi ta 1998 da muke kira LOSEN, da kuma dokar 2019 kan shigar da masu naƙasa cikin al'amuran al'umma. Daraktar da ta san wannan idan ta je neman takarda ko malami, aikin hukuma take tunatarwa, kuma hakan yana da nauyin da roƙon alfarma ba shi da shi.

Gyare-gyare biyu da suka ratsa Damagaram

Akwai misalai biyu daga tarihin makarantunmu da nake yawan kawowa idan ana maganar ɗorewar gyara, domin dukansu sun taɓa jiharmu, kuma ƙarshensu ya bambanta.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a nan Damagaram, da Hausa. Waɗanda suka koyar a irin waɗannan makarantu sun shaida yadda yara suke saurin kama karatu da lissafi idan an fara da harshen da suke magana da shi a gida. Duk da haka aka shafe shekaru masu yawa ana kiransu makarantun gwaji, yawansu bai wuce ƴan gomomi ba a faɗin ƙasa. Malamin da aka horar sai a tura shi makarantar da ba a koyarwa da Hausa, a kawo wanda bai taɓa rubuta ɗ da ƙ a babban allo ba. Littattafan da suka yage ba a sake buga su, jarrabawa kuma tana nan da Faransanci, don haka iyaye suka riƙa ɗari-ɗari. Tunanin mai kyau ne, amma ba a shigar da shi cikin dokar tura malamai da kasafin kuɗi da jarrabawa ba, sai ya zauna a gefe.

Na biyu shi ne kwamitin kula da makaranta, wanda muka sani da COGES, yanzu CGDES. An fara ƙarfafa shi a jihar Tawa a 2004 da taimakon ƙasar Japan, ya zo Damagaram, sannan ya bazu ko'ina. Yau ko a ƙauyen da mota ba ta kaiwa za ki tarar da shi, wani da ƙarfi wani da rauni, amma yana nan. Ya ɗore ne saboda ba ya cin kuɗi da yawa, ana zaɓen mambobinsa a gaban jama'a, tsarin aikinsa na shekara yana dogara da abin da gari zai iya tarawa, kuma ma'aikatar ilimi ta mai da shi doka, har sufeto yana tambayar rahotonsa. Aikin yara masu naƙasa a makarantarki yanzu yana kan hanyar misali na farko, abin da ake bukata shi ne ki karkato da shi zuwa hanyar na biyu.

Inda aikin yake yoyo

Babbar kafar ita ce wadda kika ambata da kanki. Ilimin yana cikin kan malamai huɗu, uku sun tafi da shi. A tsarinmu mafi yawan malaman firamare ƴan kwantiragi ne, canjin wurin aiki kuma ba ya ƙarewa, musamman a cikin gari inda malamai mata suke bin mazajensu idan an canja musu aiki. Takardar canji ba ta duba ko malama ta iya rubutun makafi. Sau da yawa ma ofishin sufeto ba shi da jerin sunayen waɗanda aka horar, domin jerin yana hannun ƙungiyar da ta biya kuɗin horon. Na taɓa samun wata malama da ta ƙware a maganar hannu tana koyarwa a makarantar da babu kurma ko ɗaya, alhali makarantar da ta baro tana da kurame uku da suke zaune suna kallon bakin sabon malami.

Sai kayan da ke ƙarewa. Masu furoje sun fi son abin da ake ɗauka hoto, kamar gangare da keken guragu da na'urar buga rubutun makafi. Abin da ke riƙe karatu kullum kuwa ƙanana ne: takarda mai kauri, tsinken huda ɗigo, batirin na'urar ji, facin tayar keke, fentin babban allo. Idan babu wanda aka ɗora wa sayensu, ranar da suka ƙare ranar ce karatun yaron ya tsaya, ko da yana zuwa aji. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma a nan wurin ne ya fi bayyana.

Kafa ta uku ba a cika lura da ita ba. Yaron ba ya cikin abin da ake tambayarki. Idan sufeto ya zo yana duba yawan ɗalibai maza da mata, da shirin darasi, da inda aka kai a manhaja. Muddin babu layin da ke tambayar ina yaro kaza yake, me ya iya bana da bai iya bara ba, malami mai ɗalibai 80 zai mai da hankali ga abin da za a auna shi da shi, kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Akwai kuma lissafin iyaye, wanda bai kamata mu raina ba. Yaron da ba ya gani ko ba ya tafiya yana bukatar mai raka shi safe da rana, a garin da neman ruwa kaɗai yake cinye safiyar gida a lokacin zafi. Wasu gidajen kuma bara ce take ciyar da su, yaron ko dai shi ne mai barar ko shi ne ɗan jagora. Uba zai haƙura da wannan asarar shekara ɗaya ko biyu idan yana ganin ɗansa yana ƙaruwa. Idan ya ga an kai CE1, wato aji na uku, yaro bai iya rubuta sunansa ba, zai janye shi ba tare da ya zo ya faɗa miki ba. Na lura yawancin ficewar tana faruwa ne a wannan gaɓa, lokacin da yaro ya bar hannun malamar da ta san shi, rubutu a allo ya ƙaru, darasi ya koma Faransanci zalla.

Abin da ke hannun darakta

Ki fara da yara shidan da suka tafi, tun kafin ki taɓa kabad. Ki je gidajensu ɗaya bayan ɗaya tare da wata daga ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, ki saurari dalili ba tare da zargi ba. Za ki tarar dalilan ba ɗaya ba ne. Wata yarinya da na bi sawunta ta daina zuwa ne saboda makewayin makaranta yana da matakala da ƙofa ƙunci, ta kai shekarun da take jin kunyar a ɗauke ta, kuma ba wanda ta faɗa wa. An faɗaɗa ƙofar, aka sa ƙarfen riƙewa da kujerar katako mai rami, ta dawo. Wani yaro kuma tayar kekensa ce ta lalace. Irin waɗannan kwamitin makaranta yana iya magance su cikin mako guda, amma sai an sani.

Sannan ki fitar da ilimin daga kan malama ɗaya da ta rage ki raba shi. Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce taron CAPED, wato zaman da malaman makarantu maƙwabta suke yi don ƙara wa juna sani kan koyarwa, domin yana nan ko da furoje ko babu. Ki nemi a ware wani ɓangare na kowane zama don yaro guda na gaske: malaminsa ya bayyana inda ya maƙale, sauran su ba da shawara, a zama na gaba a ji abin da ya biyo baya. Wannan ya fi horon kwana biyar a ɗakin taro amfani, saboda horon ɗakin taro ana zuwansa ne wani lokaci don kuɗin zama, ana kuma mantawa da shi kafin ƙarshen zango. A cikin makaranta ki haɗa malamar da wani malami su riƙa shiga ajin juna sau ɗaya a mako, har ya iya karanta ɗigo shida na rubutun makafi ya gyara aikin yaro. Mai gani yana karanta wannan rubutu da ido, kuma malami mai himma yana kama haruffan cikin ƴan makonni. Ke ma ki koya, domin darakta ta fi malamin aji daɗewa a wuri.

Kowane yaro a buɗe masa kaye guda da zai bi shi daga aji zuwa aji. A rubuta da harshe mai sauƙi inda yake zama, da wane kunne ya fi ji, girman rubutun da yake iya gani, abin da ke tayar masa da hankali, abokin da ke taimaka masa, abin da ya iya a ƙarshen kowane zango. A watan Yuni malamin da zai sake shi da wanda zai karɓe shi su zauna a kan kayen. Ƙaramin abu ne, amma a ganina babu abin da ya kai shi kare yaro daga canjin malamai.

Yawancin abin da yaran nan suke bukata a aji ba ya cin ko dala. Malami ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa a allo da baki, kada ya yi magana yana ba aji baya, ya zaunar da mai raunin ji a gaba ta inda haske ke faɗa wa fuskar malami, ya rubuta da manyan haruffa a allon da aka sabunta fentinsa. Mai jinkirin fahimta a rage masa yawan aiki, a bar shi ya ƙirga da tsakuwa ko ƙwallon dabino muddin yana bukata. Rubutun makafi kuma yana hawa kan kowace takarda mai kauri, tsohuwar kalanda ko bangon kaye, don haka ƙarewar takardar furoje ba dalilin kulle kayan ba ne. Ki lura da cewa waɗannan dabaru suna amfanar yara da yawa da ba a taɓa kira naƙasassu ba. A jiharmu da sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne da ciwon ido suka daɗe suna taɓa yara, kowane aji yana da waɗanda suke ji rabi-rabi ko gani dishi-dishi, ana ce musu daƙiƙai. Idan malamai suka gane haka, sukan daina kallon aikin a matsayin ƙarin kaya saboda yara biyar.

Batun kuɗi kuwa, ki sa shi a tsarin aikin CGDES na shekara da sunansa, a karanta shi a babban taron iyaye, ko da abin da aka ware kaɗan ne. Layi ƙarami da ake maimaitawa kowace shekara ya fi kyauta babba ta sau ɗaya. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na kula da makarantun firamare, har da gini da kayan aiki, saboda haka ki rubuta wa ofishin magajin gari ta hannun tarayyar kwamitocin makarantu kafin a tsara kasafi. Idan za a yi sabon gini, ki tsaya a kan cewa a sa gangare tun a zane. Dakalin da tsayinsa ya kai santimita 30 yana bukatar gangare mai tsawon kusan mita 4, ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90. Na ga gangaren da aka yi a tsaye kamar tsani, ba mai keken da zai hau shi, na kuma ga mai kyau da aka gina amma tsakaninsa da ƙofar makaranta rairayi ne da keke ke nutsewa. Idan kuna da ajin zana, kada a sa yaron da ba ya iya gudu ko ba ya gani a cikinsa. Gobarar Yamai da ta Maraɗi a 2021, inda ƙananan yara da dama suka rasu, ta isa dalili, ban da cewa irin waɗannan azuzuwa ba sa buɗewa sai an girbe kara.

Ga sufeto kuma ki kai masa abu biyu a rubuce: sunayen malaman da suka sami horo da abin da kowa ya iya, da roƙon cewa kada a ɗauke mai horo sai an sami wanda ya koya daga gare shi. Ki kuma riƙa saka labarin yaran a rahotonki na farkon shekara da na ƙarshe ko ba a tambaya ba. Abin da ya saba shiga rahoto, a hankali ana fara tambayarsa.

Kada ki manta da waɗanda suka riga mu sanin wannan al'amari. Ƙungiyoyin makafi da kurame da tarayyar masu naƙasa ta ƙasa suna da mutane a Damagaram, kuma babban makaho da ya yi karatu idan ya zo ya karanta takarda da yatsunsa a gaban iyaye, ya fi duk jawabin da ni da ke za mu yi. Sarkin makafi da sarkin guragu suna da faɗa a ji a gidajen da ke ba ki wuya. Limamin unguwa kuma yana da hujja a hannunsa, domin kowa ya san an saukar da farkon Suratu Abasa ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi. Makarantun allonmu sun daɗe suna yaye makafi mahaddata, don haka zaman makaho cikin masu gani yana karatu ba baƙon abu ba ne a garin nan.

Inda ƙarfin makaranta ya tsaya

Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da duk wannan ba zai warware ba. Yaron da aka haifa kurma, ko ya kurumce kafin ya fara magana, yana bukatar harshe kafin komai, kuma ba zai same shi ba a ajin da ba mai maganar hannu. Zaunar da shi a benci shekara shida yana kwafar abin da bai fahimta ba zalunci ne, ko da sunansa yana rajista. A irin wannan hali nakan ba da shawarar a haɗa kai da makarantar kurame ta garin nan, ko ya fara can ya sami harshe, ko a tara kurame na makarantu maƙwabta a aji guda mai malamin da ya iya. A sani kuma cewa maganar hannun makaranta ta bambanta da wadda yaro yake yi da ƴan gidansu, don haka iyaye ma suna bukatar koyo. Haka nan yaron da naƙasarsa ta haɗa abubuwa da yawa, ko mai farfaɗiya da ba a sa shi a magani ba, aikin likita ne ya fara duba shi. Ni malami ne, kuma ina hana malamai saka wa yaro sunan ciwo da ka.

Yawan ɗalibai a aji, da jinkirin albashin ƴan kwantiragi, da rashin malamin tallafi mai zagaya makarantu, duk sun fi ƙarfin darakta. Italiya ta rufe azuzuwan ware yara a dokar 1977, abin da ya riƙe gyaran kuwa shi ne ta mai da malamin tallafi ma'aikacin gwamnati mai albashi. A wurinmu sai an kai ga haka, kuma sai makarantun horon malamai irin Askiya Muhammad sun riƙa yaye kowane malami da wannan ilimi a aikace, kafin nauyin ya sauka daga wuyan daraktoci irinki. Kin kuma ga yadda tallafin waje da yawa ya tsaya cak bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023. Idan wata ƙungiya ta sake zuwa ki karɓe ta hannu biyu, amma ki nemi a horar da duk malamai tare da mai ba da shawara na yankinku, a ba sufeto jerin sunaye, a sayi kayan da maƙeri ko mai gyaran keke na kasuwa zai iya gyarawa, a kuma rubuta tun ranar farko wanda zai ɗauki kowane kashe-kashe idan sun tafi.

Akwai wani abu da ke tafe wanda ya kamata ki fara shirinsa tun yanzu. Cikin yaranki biyar wani zai kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, nan ba da daɗewa ba, kuma ƙofar kwaleji ita ce inda na fi ganin an yi asarar yaran da firamare ta sha wahala a kansu. A can malamai da yawa ne suke shiga aji ɗaya, ba wanda ya san yaron, tafiya kuma ta ƙaru. Tun watan Janairu na shekarar da zai gama ki rubuta wa sufeto kan yadda za a yi masa gwajin ƙarshen shekara, ko da rubutun makafi, ko da manyan haruffa, ko da ƙarin lokaci. Ki nemi a tura shi kwalejin da ta fi kusa da gidansu tare da abokin da ya saba taimaka masa, sannan ki ɗauki kayensa da hannunki ki kai wa shugaban kwalejin kafin a koma karatu a watan Oktoba, ku zauna tare da mahaifin yaron a karanta shi shafi-shafi.